Maƙeri da Ƙirarsa a Labaran Gotik: Awon Frankenstein da Mudun Gandu

Gabatarwa

Manufar wannan ɗan nazari ita ce a duba wani jigo da ke yawan ɓullowa a cikin wani rukuni na ƙagaggun labaran Turawa da ake kira labaran Gotik, watau dangantakar da ke tsakanin mutum da abin da ya yi da hannunsa, sa'an nan abin ya sami rai, ya tsaya a gabansa yana neman haƙƙinsa. Za a fi ba da ƙarfi ga littafin Frankenstein na Mary Shelley, domin shi ne uwa ma ba da mama a wannan fage. Sauran littattafan ɗan taɓo su kawai za a yi. Mudun da za a yi awo da shi kuwa na gida ne, wanda duk ɗan manomi daga Funtuwa zuwa Bakori, Ɗanja, Ƙafur da Malumfashi ya san shi, watau gandu, da haƙƙoƙin da ke tsakanin uba da ɗa a cikinsa.

Tun da fari akwai matsalar kalma. Bature mai sharhin waɗannan littattafai kalma ɗaya yake amfani da ita ga Ubangiji da kuma ga mutumin da ya yi wani abu sabo. Bahaushe kuwa ba ya haka. Kalmar Mahalicci ba ta da jam'i a bakinsa, kuma ba ya ara wa kowa ita ko da wasa. Saboda haka a nan za mu kira mai yin abin maƙeri, abin da ya yi kuma mu kira shi ƙira ko ƙerarre. Mai karatu zai ga a gaba cewa wannan bambancin kalma shi kansa wani yanki ne na nazarin.

Mene ne labarin Gotik?

Asalin sunan na wata ƙabila ce ta Turai ta zamanin da, daga baya aka laƙaba shi ga irin ginin tsofaffin majami'u da fadoji masu dogayen hasumiyoyi da lunguna masu duhu. A 1764 Horace Walpole ya wallafa The Castle of Otranto, a bugu na biyu kuma, a 1765, ya kira shi labarin Gotik, sunan ya bi wannan irin rubutu har yau. Kayan aikinsa sanannu ne: kangon gida, dare, gawa, fatalwa, da wani tsohon laifi da aka binne amma ya ƙi kwanciya. Wannan na ƙarshe shi ne ƙashin bayan abin. Duhu da kufai ado ne kurum.

Da ƙarni na 19 ya kama, sai tsoron ya tashi daga kangon kakanni ya koma ɗakin binciken masana kimiyya. A 1791 Luigi Galvani ya buga sakamakon gwajinsa na motsa ƙafar mataccen kwaɗo da lantarki. A 1803 ɗan 'yar'uwarsa, Giovanni Aldini, ya yi irin wannan gwaji a Landan a kan gawar wani da aka rataye, har fuskar gawar ta motsa. Mutanen zamanin suka shiga tambayar kansu, shin rai ma wani abu ne da ɗan Adam zai iya kunnawa kamar fitila?

Littafin da mai shi

An haifi Mary Shelley a 1797, mahaifiyarta Mary Wollstonecraft ta rasu kwana 11 bayan haihuwarta. Ita ma 'yarta ta fari, wadda ta haifa a 1815 bakwaini, ba ta yi wata guda a duniya ba. Mahaifinta William Godwin ya juya mata baya tun da ta bi mawaƙi Percy Shelley a 1814, amma duk da haka shi ta sadaukar wa littafin. A 1816, tana da shekara 18, suna zaune a bakin tafkin Janeba tare da Lord Byron, ruwan sama ya hana su fita, aka yi shawarar kowa ya ƙago labarin ban tsoro. Nata ne ya fito a farkon 1818 ba tare da sunanta ba, ta kuma sake gyara shi a 1831. Ashe ke nan wadda ta rubuta labarin ɗan da aka yar ta san maraici ta fuska uku.

Ga labarin a gurguje. Victor Frankenstein ɗan manyan mutane ne na Janeba. Ya tafi karatu jami'ar Ingolstadt a ƙasar Jamus jim kaɗan bayan rasuwar mahaifiyarsa, ya gano sirrin sa rai ga abin da ba shi da rai. Ya shafe kusan shekara biyu yana tsince-tsince a makabarta da ɗakin fiɗar gawa da mahauta, ya harhaɗa wani ƙato mai tsawon ƙafa takwas. Wani dare a watan Nuwamba ƙaton ya buɗe ido. Victor ya dubi muninsa, ya ruga da gudu. Ƙerarren ya shiga duniya shi kaɗai, ya koyi magana da karatu a ɓoye, duk inda ya nufa aka kore shi da jifa da duka. Ya kashe William, ƙanen Victor, aka ɗora laifin a kan Justine, yarinyar gidan, aka kashe ta. Da suka haɗu da maƙerinsa a kan dutsen ƙanƙara, ya roƙe shi abu guda, ya ƙera masa mata. Victor ya yarda, ya fara aikin a tsibiran Orkney na Sikotilan, sa'an nan ya yayyaga shi a kan idon mai jira. Daga nan ƙerarren ya kashe Clerval amininsa, ya kashe Elizabeth amaryarsa a daren aurensu, baƙin ciki ya kashe mahaifinsa. Victor ya bi sawunsa har ƙurewar arewacin duniya, ya mutu a jirgin ruwan wani matafiyi, Walton, wanda shi ne ya rubuto wa 'yar'uwarsa labarin duka a cikin wasiƙu.

Awo da mudun gandu

A ƙasar noma ta kudancin Katsina, inda auduga da dawa da masara suke, an daɗe da sanin gandu a matsayin yarjejeniya tsakanin maigida da 'ya'yansa maza. Ɗa yana ba da ƙarfinsa a gonar gandu tun daga safe har wajen azahar. Uba kuwa shi ke da ciyarwa, da kayan aiki, da yanka wa ɗa gayauna ya noma abin kansa, da biyan harajinsa a zamanin da ake biya, kafin gwamnatin Balarabe Musa ta soke shi a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979. Babban nauyin da ya fi duka kuwa shi ne auren fari. Polly Hill ta yi bayanin wannan tsari a nazarinta na Batagarawa a 1972, Paul Clough kuma ya bi sawun irinsa a ƙauyen Marmara na ƙasar Malumfashi tun daga ƙarshen shekarun 1970. Gandu ya yi rauni ƙwarai a yau, amma ma'aunin da ya bari a zukatan mutane yana nan: ɗa na da haƙƙi a kan wanda ya kawo shi duniya, kuma idan uba ya gaza, ɗa ya fita gandu ya shiga uwa duniya, to, ba ɗan kaɗai gari ke zargi ba. Malamanmu ma suna lissafa wa ɗa haƙƙoƙi a kan uba: a zaɓa masa uwa ta gari, a raɗa masa suna mai kyau, a yi masa tarbiyya, a yi masa aure idan ya isa. Bari mu ɗora Victor a kan wannan sikeli.

Batun uwa dai babu shi, kuma za mu komo kansa a ƙarshe. Mu ɗauki suna. Daga farkon littafin har ƙarshensa ƙerarren ba shi da suna. Victor yana kiransa shaiɗan, la'ananne, dodo, ƙazami. A wurinmu jariri ko na kwana bakwai ne sai an tara mutane, an raba goro, an yanka rago, liman ya yi addu'a, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar da sunan, domin da wannan ne uba ke shaida wa duniya cewa wannan nawa ne, abin da ya ɓata ni zan biya. Rashin sunan nan shi ne Victor ya tsere wa wannan shaida. Abin mamaki, masu karatu da masu kallon siliman, musamman tun daga fim ɗin 1931 da Boris Karloff ya fito a ciki, sun ɗauki sunan Frankenstein sun ba dodon. Malaman adabi sukan gyara wa ɗalibai, su ce kuskure ne, sunan maƙerin ne. Lalle haka ne. Amma a ganina jama'a sun yi wa yaron zanen sunan da ubansa ya ƙi yi ne, suka kira shi da sunan gidansu kamar yadda ake kiran kowane ɗa.

Sai reno da tarbiyya, kuma a nan ne marubuciyar ta fi nuna gwaninta. A daren da ƙerarren ya farka, ya bi Victor har bakin gadonsa, ya ɗaga labule, yana motsa baki kamar mai son magana, ya miƙo hannu. Victor ya ɗauka kama shi zai yi. Duk wanda ya taɓa ganin jariri yana miƙa hannu ga mai ɗaukarsa ya san akwai wata fassarar. Victor ya kwana a tsakar gida yana kai da kawowa, da ya komo ya tarar abin ya tafi sai ya yi ta tsalle don murna, sa'an nan zazzaɓi ya kayar da shi wata da watanni, Clerval na jinyarsa. Haihuwar guzuma ke nan, ɗa kwance uwa kwance, sai dai ita guzuma ba ta gudun ɗanta.

Ƙerarren ya sami mafaka a wani ɗan akurki da ke jingine da bukkar wasu 'yan gudun hijira Faransawa, iyalin De Lacey: tsoho makaho, da ɗansa Felix, da 'yarsa Agatha. Ta wata 'yar kafa yake leƙensu. Da ya gane cewa abincin da yake ɗiba na talakawa ne, sai ya daina, ya koma cin 'ya'yan itace da saiwoyi. Da ya ga Felix na wahalar itace, sai ya riƙa ɗaukar kayan aikinsa da dare, gari na wayewa su tarar da tulin itace a ƙofa, an kuma share musu ƙanƙara daga hanya. Mai karatu ya lura, ba wanda ya sa shi. Wannan shi ne aikin ɗan gandu sak, yana zuba ƙarfinsa a gidan da yake fatan wata rana a ce shi ma na ciki ne. Agola ne wanda masu gidan ba su san suna da shi ba. Karatu ma satarsa ya yi, kamar yaron da ke raɓe a bayan zauren makarantar allo, a lokacin da Felix ke koya wa budurwarsa Safie harshensu. A nan ya kamata a ɗan tsaya a faɗi cewa marubuciyar ba ta yi wa mahaifin Safie adalci ba, domin shi kaɗai ne Musulmi a littafin, wani attajiri Baturke, aka kuma zana shi a matsayin maci amana. Wannan kallon Turawan zamaninta ne, ɗalibi ya sani ya wuce.

Daga cikin littattafai uku da ƙerarren ya tsinta har da Paradise Lost na John Milton, wanda ya ba da labarin Adamu da Iblis a waƙe. Ya karanta shi a kan tarihi ne na gaskiya, ya auna kansa da Adamu, ya ga bambanci: shi Adamu an kyautata surarsa, an yi magana da shi, an ba shi abokiyar zama. Sa'an nan a aljihun rigar da ya ɗauko daga ɗakin Victor ya sami takardun da maƙerin ya rubuta yadda aikin ya gudana, har da ƙyamar da ya ji. Ina ganin babu wani wuri a littafin da ya kai wannan ciwo. Ɗa ne ya iya karatu, abin da ya fara karantawa game da kansa kuwa shi ne ubansa na ƙyamarsa tun kafin ya buɗe ido. Duk da haka bai yanke ƙauna ba sai ranar da ya shiga wurin tsohon makaho, wanda ya saurare shi da mutunci saboda ba ya ganinsa, masu ido suka shigo, Felix ya rufe shi da duka. Bayan sun ƙaura ya cinna wa bukkar wuta. Ko bayan wannan ma ya tsamo wata yarinya daga ruwa, ladan da ya samu shi ne harsashi a kafaɗa.

Na uku shi ne aure. Roƙon da ƙerarren ya yi a kan dutsen ƙanƙara, in aka cire masa tufafin Turai, roƙon ɗan gandu ne da ya isa: ka yi mini aure in kama gabana. Har alkawari ya yi cewa zai ɗauki matarsa su tafi dazuzzukan Amurka ta Kudu, ba mai sake ganinsu. Dalilan da suka sa Victor ya fasa ba na banza ba ne. Ya yi tunanin watakila macen ta fi namijin mugunta, ko ta ƙi alkawarin da aka ɗauka kafin a yi ta, ko ta ga muninsa ta guje shi, ko kuma su hayayyafa su addabi 'yan Adam. Tunani ne mai nauyi, aibinsa ɗaya, ya zo a makare. A Ingolstadt ya kamata a yi shi, tun ba a ɗinka jijiya ko ɗaya ba. Daɗin daɗawa, mutumin da ya yayyaga amaryar wani, shi kuma tasa amaryar na jiransa a Janeba. A ƙauyukanmu an san irin maganar da ake yi wa maigidan da ya sayar da audugar gandu ya ƙara aure, alhali ga ɗansa tuzuru da gemu yana kwana a zaure. Da ƙerarren ya yi masa kashedi da daren aurensa, Victor ya ɗauka shi za a kashe, ya ɗauki bindiga yana sintiri, ya bar Elizabeth ita kaɗai a ɗaki. Har a wannan lokaci bai fahimci lissafin ba, watau mata a bakin mata.

Inda mudun bai cika ba

Kada mai karatu ya ɗauka an wanke ƙerarren ke nan. William ƙaramin yaro ne, bai san hawa ba bai san sauka ba. Justine kuwa da gangan aka saka mata hoton da aka cire daga wuyan yaron a cikin tufafinta tana barci, wanda ya yi haka kuma ya san abin da shari'a za ta yi mata, domin ya koyi dokokin mutane a bayan bangon De Lacey. Gazawar uba ba ta halatta jinin ƙane ba, a gandu ko a waje. Haka nan zubin littafin ruwaya ce cikin ruwaya: ƙerarren ya gaya wa Victor, Victor ya gaya wa Walton, Walton ya rubuta wa 'yar'uwarsa. Duk kyawawan ayyukan da muka lissafa a sama daga bakin mai su muka ji, Victor kuma ya gargaɗi Walton cewa abin nan yana da zaƙin baki. Sai dai shi ma Victor ya zauna a kotu ana yi wa Justine shari'a, ya san wanda ya yi kisan, ya ja bakinsa ya yi shiru don kada a ce ya haukace.

Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda ƙiyayyar ta ɗaure su fiye da yadda ƙauna za ta yi. A ƙarshe babu wanda ya rage wa kowannensu sai ɗayan. Ƙerarren na gaba, Victor na biye, in na baya ya gaza sai na gaba ya bar masa alama a jikin itace ko dutse, wani lokaci har da abinci, don kada ya mutu tafiyar ta ƙare. Tun a Orkney ya riga ya gaya masa cewa, ko da yake kai ka yi ni, yau ni ke da iko da kai. Hausawa na cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Victor ya yanke ya yar, ya ƙare kwanansa yana bin hannun.

Sauran littattafan

A cikin labarin Dr Jekyll da Mr Hyde na Robert Louis Stevenson, 1886, maƙeri da ƙira jiki ɗaya suke. Jekyll likita ne mai mutunci, ya haɗa wani magani da ke fito da mugun da ke cikinsa a siffar wani mutum dabam, gajere, mai ƙuruciya. Laifinsa kishiyar na Victor ne, shi shagwaɓa ɗan ya yi: ya kama masa gida, ya buɗe masa asusu a banki, ya rubuta wasiyya ya bar masa dukiyarsa duka. Shi da kansa ya kwatanta zamansu da na uba mai doki da ɗa marar kula. Ƙarshenta Hyde ya riƙa fitowa ba da an kira shi ba.

A The Picture of Dorian Gray na Oscar Wilde, 1890, mai zane Basil Hallward ya zuba son da yake wa saurayi Dorian a cikin hoto, hoton ya riƙa tsufa da ɗaukar zunubai, saurayin na nan shar. Ranar da Basil ya ga abin da zanensa ya zama, ya ce a tuba, Dorian ya soke shi da wuƙa. Da wannan wuƙar ya soki hoton daga baya, shi ya faɗi matacce.

Ta wajenmu fa?

Dalilin da ya sa irin Victor ba ya cikin taurarin adabinmu a fili yake. Manomi kan kafa mutum-mutumi a gona da sanda da tsumma don korar tsuntsaye, ya san kuma tsumma ne. Tarbiyyar tauhidi ta toshe wannan ƙofa tun daga ƙuruciya. Yaro ya ji ƙissar Samiri a Suratu Ɗaha, wanda ya ƙera ɗan maraƙi da kayan ado, yana kuka amma ba ya mayar da magana. Ya ji cewa tsuntsun da Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya siffanta da yumɓu, da izinin Allah ya tashi. Ya kuma ji hadisin da ke cewa za a nemi masu yin siffofi su busa musu rai ran gobe, ba kuwa za su iya ba.

To amma tsoron bai ɓace ba, wuri ya sake. A wurin Bahaushe mutum ba ya yin mai rai, amma yana iya ajiye shi. A al'adar Maguzawa, waɗanda ƙasar Malumfashi da Ƙafur ta daɗe da saninsu, ko da yake da yawansu sun musulunta ko sun shiga Kiristanci, akwai iskar da ake kira Doguwa, ko Inna, ko Uwar Gona. Joseph Greenberg ya yi bayaninta a littafinsa na 1946 a kan Maguzawan Kano. Abin da masu wannan imani ke cewa shi ne tana tsare wa mai ita gona da rumbu, wanda ya taɓa kayansa ta shanye masa hannu ko ƙafa, daga nan ne ma cutar shan inna ta samo sunanta. Amma tana da sharaɗi, watau yankan da aka saba yi mata. In aka yi sakaci, ko magada suka watsar da ita, sai ta juyo cikin gida, ta fara da 'ya'ya da mata. Adeline Masquelier ta rubuta irin waɗannan labarai na iskokin da aka yi watsi da su a Dogon Dutsi ta Nijar, a littafinta na 2001. Ba gaskiyar imanin muke aunawa a nan ba, ƙirar labarin muke dubawa, kuma ita ce ta Frankenstein: mutum ya jawo wani ƙarfi don amfanin kansa, ya ƙi biyan haƙƙinsa, ƙarfin ya bar shi da rai ya bi waɗanda yake so ɗaya bayan ɗaya. Bambancin shi ne Doguwa tana da sharaɗi sananne tun farko, akwai kuma hanyar lallashi. Victor bai taɓa tunanin abin da zai yi da ƙirarsa washegarin ranar da ta tashi ba.

Akwai wata kalma tamu da ta haɗa gidajen biyu, ita ce asiri. Tana nufin abin da aka ɓoye, tana kuma nufin sihiri. Murray Last, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Malumfashi wajen 1970, ya lura da yadda sha'anin magani a yankin ke tafiya da ɓoyo. Victor ma a ɗakin ƙurya na saman bene ya yi aikinsa, ya daina rubuta wa gida wasiƙa, bai gaya wa malaminsa ba, bai gaya wa amininsa ba. Da a ce ya shawarci mutum ɗaya mai hankali, da watakila an tambaye shi wa zai yi reno.

A rubutaccen adabinmu kuwa, littafin da ya fi kusa da wannan jigo shi ne Jiki Magayi na John Tafida da R. M. East, wanda ya fito daga Zariya a tsakiyar shekarun 1930. Malam Shehu, attajiri marar haihuwa, ya yi amfani da ƙarfin dukiya ya aure Zainabu, wadda Abubakar ke so. Abubakar ya sha alwashin ramuwa, ya shiga duniya neman asiri, ya samo, ya kuma sauke shi a kan ɗan da Zainabu ta haifa, Kyauta. Yaron ya lalace ya zama ɓarawo, har ta kai shi ga kashe mahaifinsa a wajen sata cikin dare ba tare da ya san shi ba ne. Da ya gane asalin abin da ya same shi, sai ya tashi neman Abubakar.

Kyauta yana da maƙera biyu ke nan. Malam Shehu ya haife shi, Abubakar ya sake ƙera shi. Marubutan ba su ƙetare iyakar tauhidi ba, domin Abubakar bai yi rai ba, hali ya juya, amma sakamakon ɗaya ne da na Ingolstadt: an sami wani mai rai da aka mayar dodo ba da zaɓinsa ba, ya hallaka na kusa, sa'an nan ya juya yana farautar wanda ya mayar da shi haka. Idan aka auna niyya, Abubakar ya fi Victor laifi nesa ba kusa ba, don shi ɓarna ya nufa tun farko, ya kuma zaɓi yaron da bai yi masa komai ba. Victor kuwa cewa ya yi zai kori mutuwa daga duniya, ko da yake a cikin wannan buri har da son a sami wata sabuwar zuriya da za ta riƙa gode masa fiye da yadda ake gode wa kowane uba. Godiyar ya hango, bai hango wankin tsumma ba.

Idan kuwa aka auna waɗanda aka ƙera, Kyauta ya fi ɗan'uwansa na Turai gata. Sunansa ma shaida ne, don Kyauta suna ne da ake ba ɗan da aka daɗe ana nema. An yi murnar zuwansa, yana da gari, yana da uwa da ta goya shi, saboda haka mai karatu yana ganin lalacewarsa a matsayin cuta da ta shige shi, wadda ke iya fita. Shi kuwa ƙerarren Victor an yi shi ne a ɗakin da mace ba ta taɓa shiga ba, a hannun saurayin da bai daɗe da binne mahaifiyarsa ba, babu ungozoma, babu kaka, babu maƙwabciyar da za ta karɓe shi in mai shi ya firgita. Da Victor ya cika a jirgin Walton, Walton ya shiga ɗakin ya tarar da ƙaton a tsaye a kan gawar yana kuka, yana neman gafarar wanda ba zai ƙara amsawa ba. Ya ce zai tafi can ƙurewar arewa ya tara itace ya ƙone kansa, don kada wani ya sami ragowarsa ya koyi yadda aka yi shi. Ya fita ta taga ya hau wani ɓallin ƙanƙara, igiyar ruwa ta tafi da shi cikin duhu, Walton kuma bai ga wutar ba.